Kar ku ɗauki docker build abin wasa kamar yadda na yi

Ƙannena masu koyon harkar kontena (akwatin da ake killace manhaja a ciki a kan kwamfuta), akwai kuskuren da na daɗe ina tafkawa kuma ina ganin da yawanku kun kama hanyarsa. Ni a da a tunanina haɗari sai an zo kunna kontena, shi kuwa docker build ai haɗa kaya ne kawai. Wallahi ba haka ba ne. Duk layin RUN da ke cikin Dockerfile, wato fayil ɗin da docker build ke bi wajen gina imej, umarni ne da ake zartarwa a kan injinka, kuma kanel ɗin (zuciyar babbar manhajar injin) da kontenar ke hawa a kai shi ne dai na injin, ba kamar VM (injin kwaikwayo) ba da ke da nasa daban, to in katangar nan ta tsage wanda ya rubuta fayil ɗin ya shigo maka har ɗaka.

Ni kuma na riƙa ɗauko imej ɗin mutanen da ban sani ba ina sawa a FROM, ina ginawa a kan saba ɗaya da makullan SSH ɗinmu suke ciki, sannan da wani ero ya dame ni sai kawai na ƙara --privileged, mai cire wa kontena yawancin takunkumi, na kuma jona docker.sock, ƙofar da ake ba Docker umarni ta cikinta, cikin kontenar da ke mana gini, aiki ya tafi na manta da shi. Wanda ya samu docker.sock fa kusan ya mallaki injin ne gaba ɗaya, a lokacin ban gane haka ba.

Idona bai buɗe ba sai ƙarshen Janairun 2024, da masu bincike na kamfanin tsaro Snyk suka fitar da ɓarakoki huɗu da suka kira Leaky Vessels. Ɗaya a runc take, manhajar da ke kunna kontena, CVE-2024-21626, inda runc ke barin wata ƙofar fayil ta injin a buɗe, mai mugun nufi ya nuna WORKDIR ɗinsa zuwa /proc/self/fd ya faɗo cikin fayilolin injin, tun ana gini fa, ba a ma kai ga kunnawa ba. Sauran ukun a BuildKit suke, manhajar da ke yi wa docker build gini, akwai wadda ke iya sa a goge fayil a wajen kontena. An toshe su a runc 1.1.12 da BuildKit 0.12.5. Da na duba namu duk tsofaffi ne, gabana ya faɗi sosai, kwana biyu na yi ina canza makullai domin ba ni kaɗai abin zai shafa ba, akwai bayanan mutanen da suka ba mu amana.

Kar wani ya ce ai shi Buildah ko Podman yake amfani da su maimakon Docker, su ma an samu irin wannan a 2024. Don Allah ku riƙa sabunta kayan gininku, ku koma rootless, wato gini ba da ikon root ba, in zai yiwu, Dockerfile ɗin da ba ku karanta ba ku gina shi a VM da za ku goge bayan an gama. Kalmar sirri kuma kar ku sa ta a ARG, docker history na tona ta, --mount=type=secret aka yi domin wannan.