Masaƙin Banaras da Harshen Bhojpuri

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, duk abin da ya fito daga bakin Ba'indiye "Indiyanci" muke ce masa. Sai da girma ya zo na san akwai Bhojpuri, harshen mutanen yammacin Bihar da gabashin Uttar Pradesh har zuwa kudancin Nepal. A ƙidayar 2011 masu magana da shi a Indiya sun haura miliyan 50, amma ƙarƙashin Hindi aka lissafa su, kuma har yau ba ya cikin harsuna 22 da tsarin mulkin ƙasar ya jero. Abin nan yana ci mini rai, domin harshen ba na jiya ba ne. Daga tsohon harshen Magadhi ya tsiro, tsatso ɗaya da Bengali da Maithili.

Kakana masaƙi ne, shi ya sa labarin Kabir, mawaƙi kuma masaƙi, ya fi kama ni. A ƙarni na 15 ya rayu a Banaras, ya tashi a gidan masaƙa Musulmi. Zamanin nan malaman Hindu da Sanskrit suke karatu, sarakuna kuma da Farisanci suke mulki. Shi kuwa da yaren kasuwa ya yi waƙoƙinsa, gauraye, da Bhojpuri a ciki, yana buga misali da zare da saƙa, abin da hannunsa ya sani. Almajiransa ne suka haddace, daga baya aka rubuta. A Maghar ya rasu, kusa da Gorakhpur, kuma har yanzu Musulmi suna da hubbarensa a can, 'yan Hindu ma suna da nasu wurin a gefe.

Sauran gadon a baki yake. Makiyayan Ahir suna rera labarin jarumi Lorik. Mata suna da sohar, waƙar haihuwa, da jatsar da ake yi a kan dutsen niƙa. Ranar da na saurari wata, ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma muryar kakata ce ta faɗo mini, tana niƙa da asuba.

Daga 1834 Turawan Ingila suka riƙa kwasar mutanen yankin zuwa gonakin rake na tsibirin Moris, daga baya Giyana da Tirinidad da Fiji. Da waƙoƙinsu suka tafi. A Moris har yau mata na yin Geet Gawai, wato taron waƙoƙin Bhojpuri, kafin biki, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya.