Abin da na koya daga binciken Ida Tarbell

A ajin aikin jarida aka ba mu nazarin rahotannin da Ida Tarbell ta rubuta kan kamfanin Standard Oil na John D. Rockefeller, waɗanda mujallar McClure's ta Amurka ta buga kashi 19 daga Nuwamban 1902 zuwa 1904. A lokacin kamfanin na riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na tace man fetur a ƙasar.

Kowa ya san Rockefeller ya danne kasuwa, amma ta yaya? Nan Tarbell ta tsaya, nan kuma na fi ƙaruwa. Ta bi bayanan kotuna da rahotannin kwamitocin majalisa, takardun da ke ajiye shekara da shekaru ba mai haƙurin karanta su, har ta fito da sirrin: kuɗin dako. Kamfanonin jirgin ƙasa suna yi wa Standard ragi a ɓoye, wani lokaci ma su yanko masa rabo daga kuɗin da abokan hamayyarsa suka biya. Mai ƙaramar matatar mai, duk gangar da ya ɗora wa jirgi, ƙarfi yake ƙara wa mai neman durƙusar da shi. Tun daga nan, in aka ce mini kaya sun yi tsada, sai in fara tambayar wa ke riƙe da hanyar da suke bi.

Tana da dalilin fushi kuwa, domin mahaifinta na cikin ƙananan 'yan harkar mai na Pennsylvania da makircin South Improvement Company na 1872, wato haɗin bakin su Rockefeller da kamfanonin jirgin ƙasa kan kuɗin dako, ya jijjiga. Duk da haka ta yi ta zama da Henry Rogers, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, tana jin ta bakinsu, ta kuma ware babi guda tana yaba iya tsarinsu. Wannan adalcin ne ya sa musanta ta ya yi wuya. Rubutun da ta yi a 1905, inda ta koma kushe kamannin Rockefeller, a ganina shi ne mafi rauni a aikinta.

A 1911 Kotun Ƙoli ta raba Standard Oil gida 34. Rockefeller na da hannun jari a dukkansu, darajarsu ta tashi, dukiyarsa ta ƙaru fiye da da.