Talata a Alƙahira, gaban wani dutsen kabari

Yau ba mu da lacca, sai na hau mota zuwa Babul Khalƙi, inda gidan adana kayan tarihin Musulunci yake. Dutse ɗaya ne ya kai ni, wanda malaminmu ya cika mana kunne da zancensa.

Da na tsaya gabansa, sai da na ɗan yi dariya. Rubutun layi takwas ne, a karkace, kamar na ɗan makarantar allo da bai daɗe da fara rubuta wa kansa ba. Amma shekarar da ke jiki 31 ce bayan Hijira, wato 652, zamanin halifancin Sayyidina Usman. Daga Aswan, a kudancin Masar, aka kawo shi, kuma wani masani, Hassan al-Hawary, shi ne ya fito da bayaninsa a 1930.

Na ce bari in gwada karantawa da kaina, ba tare da kallon takardar bayanin ba. Bisimilla ta zo da sauƙi. Daga nan na cije. Ba ɗigo, ba wasali. Ni da nake taƙama na saba da rubutun Warshu tun ina yaro, ashe ɗigon nan ne ke riƙe da ni. Sunan mamacin Abdurrahman, amma sunan mahaifinsa, wanda aka fi karantawa Khair, sai ka ga zai iya zama Jabar, tunda "ha" da "jim" da "kha" duk kamarsu ɗaya idan an cire ɗigo. Aikin masanan ke nan: su kwafi dutse, su gwada shi da wasu, su yi ta gardama a kan harafi ɗaya.

Wani dattijo mai gadi ya ga na daɗe, ya matso ya bi layin da yatsa daga nesa. Can ƙasa marubucin yana roƙon duk wanda ya karanta ya nema wa mamacin gafara, ya ce amin. Jikina ya yi sanyi. Na tuna kabarin Kaka a gida, da muka sa wa fasasshen tulu don shaida, yanzu ko ni ba zan iya nuna shi ba.

Na yi wa Abdurrahman da Kaka addu'a, dattijon ya amsa da amin. Sai bayan la'asar na koma masauki, ko abincin rana ban ci ba.