Darussa daga kicin ɗin Yahudawa: burodin Asabar da na Idin Ƙetarewa

Babban abin da aikin gashin burodin Yahudawa ke koyarwa shi ne, dokar addini ce ke tsara kwaɓin tun kafin a kai ga maganar ɗanɗano. Wanda ya gane dalilin kowace doka zai gane me ya sa ake zuba wannan a bar wancan.

A fara da halla, burodin da ake yi wa kitso, wanda ake ajiye guda biyu a teburin daren Juma'a da na ranar Asabar. A dokarsu ba a haɗa nama da madara a ci ɗaya, kuma abincin Asabar yawanci da nama ne. Shi ya sa ba a sa wa halla madara ko man shanu. Man girki da ƙwai ne ke ba shi laushi. Ga fulawa giram 500, ana sa busasshen yis giram 7, ƙwai 2, mai mililita 60, sukari giram 50, gishiri giram 10, da ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar mililita 170. Kowane ƙwai a fasa shi daban a ƙaramin kofi a duba, domin mai ɗigon jini ba ya shiga. Wanda ya fasa kai tsaye cikin kwaɓi zai iya asarar duka. Fulawa kuma tankaɗe ta ake yi saboda ƙwari.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara gari. Kwaɓin mai ƙwai yana manne wa hannu da farko, sai mutum ya yi ta barbaɗa fulawa, ƙarshe burodi ya fito da nauyi, washegari ya bushe. Maganinsa murza ce ta minti 10, da ɗan shafa mai a hannu. A rufe shi ya tashi har ya ninka. Idan fulawar ta wuce kimanin kilo 1.2, a nan ne ake gutsure ɗan kaɗan a ƙona shi, tunawa da rabon da ake ba firistoci a da. Malamansu sun saɓa kan adadin da ke wajabta yin addu'a a kai.

Wajen kitso ne ake gane gwani. In an mulmula igiyar kwaɓi tana komawa baya tana gajarcewa, ba ƙarfi take so ba, hutun minti 10 take so. A sassauta kitson, a matse bakinsa biyu a cusa ƙasa, sannan a bar shi ya sake tashi. Burodin da ya tsage tsakanin igiyoyi a tanda, kusan kullum tashinsa na biyu ne bai kai ba: yis ya ƙarasa aikinsa da ƙarfi cikin zafi, ya yaga kitson. A danna da yatsa. In gurbin ya dawo a hankali bai cika duka ba, ya isa. A shafa ƙwai, a barbaɗa riɗi, a gasa a digiri 180 na ma'aunin Celsius, minti 30 zuwa 35.

A sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, ana naɗe shi zagaye, a sa zabibi da zuma. Zuma tana saurin duhunta ɓawo, siffar zagaye kuma tana da kauri a tsakiya, don haka waje zai yi ja ciki na ɗanye. A rage wuta zuwa 170, a rufe samansa da takardar aluminiyam a ƙarshe. Zabibin da ya leƙo waje ƙonewa yake yi ya yi ɗaci, gara a tura shi ciki.

Matza, burodi marar yis na Idin Ƙetarewa (idin tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga Masar), akasin wannan ne gaba ɗaya. A can ana lallashin kwaɓi ya tashi, a nan ana tsere da shi. Gari da ruwa ne kawai, ko gishiri babu, kuma daga lokacin da ruwa ya taɓa gari zuwa gasawa ba a wuce minti 18. Ruwan ma ɗebo shi ake yi tun yamma ya kwana ya yi sanyi, domin ɗumi na gaggauta tsami. Ba a barin kwaɓi ya zauna ko kaɗan, hannu na kansa har a murza shi siriri a huda shi ko'ina, saboda tururi ya fita kada ya kumbura. Wanda ya kumbura ko ya naɗe a tanda cire shi ake yi, don ana tsoron cikinsa bai gasu ba. Bayan kowane zagaye a goge teburi da abin murzawa tas, kada tsohon kwaɓi ya shiga sabo. Fulawar kasuwa ba ta yi wa masu kiyaye doka, tunda masana'antu na jiƙa alkama kafin niƙa. Wannan ne ya sa yawancin gidaje saya suke yi. Mai son koyo a gida ya kai tandarsa ƙarshen zafinta, ya kwaɓa kaɗan-kaɗan.

Bayan burodi akwai suya: Hanuka, wani idin nasu na kwana 8, idin abincin da ake soyawa da mai ne. Ana soya latke, wainar gurzajjen dankalin Turawa da albasa. Duk sirrinta a matsewa yake: a zuba a tsumma mai tsabta a murɗe sosai, a bar ruwan ya kwanta, a tsiyaye, a mayar da farin sitacin da ya zauna a ƙasa cikin haɗin, shi ke riƙe ta. In ba a matse ba za ta sha mai ta wargaje. Gishiri sai dab da suya, don yana jawo ruwa. Mai ya kai kusan digiri 175, kuma kada a cika kasko, domin kowace da aka ƙara tana sauke zafin man.