Abin da gonar iri ta koya mini

Wannan ce daminata ta ƙarshe a aikin ninka iri, wato noma ingantaccen iri don manoma su samu na shuka, kuma akwai maganar da ba zan tafi da ita a ciki ba.

Duk wanda ya yi aikin nan ya san hatsi, wato gero, ba wake ba ne. Wake shi ke barbarar kansa, kafin furen ya buɗe ma an gama. Hatsi kuwa fararen gasun mace ne ke fara leƙowa a jikin zangarniya, sai bayan kwana biyu ko uku bununinta ya zuba. A tsakanin nan, duk bununin da iska ta kwaso daga gonar maƙwabta shi ne uba. Dalilin da ya sa ake nisanta gonar iri ke nan da ɗaruruwan mitoci.

Shekarar da aka ba mu HKP, wani ingantaccen irin hatsi, mu ninka, shef ɗinmu ya zaɓi fili a bakin hanya don baƙi su gani, gab da gonakin da ake shuka zongo, wani irin hatsi na gargajiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, filin nan zai gauraya mana iri." Ya ce yana wannan aiki tun ban shiga lakwal ba. Muka shuka.

Da kaka tsabar ta yi kyau, har aka yaba masa. Ai gauraye ba ya nuna kansa a ido, sai a ƴaƴa. Da damina ta zagayo, manoman da suka saya suka ga wani kara dogo wani gajere, wani ya nuna wani bai ko fid da kai ba. Wani dattijo daga wajen Madarunfa ya ɗauko zangarniyoyi ya zube a gabana, ya ce, "Ɗana, wannan ne irin?" A rahoto aka rubuta cewa ni ne ban tuge karan da ba na irinmu ba. Na tuge, layi-layi, har da shibra. To wa ya taɓa tuge iska?

Saboda haka ƙannena da ke shigowa, in kun ba da shawara ku rubuta ta, ku sa kwanan wata, ku riƙe kwafi. Ku zagaya gonakin maƙwabta kafin a sa hannu kan fili. Ku saurari tsofaffin da ke zaɓen zangarniyar iri tun a gona, sun san gado.

Waken da na ninka a shekarun nan, har yau ba wanda ya maido ko tiya ɗaya.