Zuwa Viyana, taron masu binciken cikin ƙasa

Da dare jirginmu ya tashi daga Abuja, muka yada zango a Istanbul, washegari da hantsi muka sauka Viyana, babban birnin Ostiriya. Watan Afrilu ne, amma iska sai yankan kunne take yi. Abin da ya kai ni shi ne taron shekara-shekara na EGU, ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Turai, wanda ake yi a Austria Center, tsallaken kogin Danub, daf da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin U1 ke ajiye mutum kusa da ƙofa.

Ba don tallafi ba, da ina gida. Ƙungiyar na da asusu mai sunan Roland Schlich da ke taimaka wa matasan masu bincike da kuɗin tafiya, shi ya rage mini nauyin tikiti. Biza da masauki kuwa, adashe ne ya biya su.

Zauren da na fi zama shi ne na masu nazarin can cikin ƙasa. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa, wanda Rashawa suka haƙa a yankin Kola na ƙasarsu, ya tsaya a mita 12,262, alhali tsakiyar duniya na da nisan kilomita 6,371 daga inda muke takawa. Saboda haka da motsin girgizar ƙasa ake leƙawa, kamar yadda mai sayen kankana ke ƙwanƙwasa ta ya saurara. Da wannan dabara Inge Lehmann 'yar Denmak ta gano a 1936 cewa akwai wata ƙwaya a tsakiyar narkakken ƙarfen da ke can ƙasa. Muhawarar da ta fi zafi a kan wasu manyan dunƙule biyu ce da ke zaune a zurfin kusan kilomita 2,900, inda motsin girgiza ke rage gudu: ɗaya ƙarƙashin tekun Fasifik, ɗaya ƙarƙashin Afirka. Zafi ne kawai ya bambanta su, ko dutsensu ma daban ne? Aka yi ta ja-in-ja. Na waiga dama da hagu, 'yan Afirka a zauren ba mu taka kara mun karya ba, ga shi ƙarƙashin ƙafafunmu ake magana.

Wajen shan shayi wata farfesa ta ba ni labarin SEDI, kwamitin da ya keɓanta da wannan fanni tun 1987, mai taro duk bayan shekara biyu, inda masu shiryawa ke bin hukumomin kimiyya neman kuɗin kawo ɗalibai. Na ce mata ni dai a ganina a rage liyafa a ƙara tikiti. Muna da cibiyar da ke lura da girgizar ƙasa a Toro, jihar Bauchi, kuma ma'aikatanta sun cancanci kujera a irin wannan zaure. Ta rubuta sunan garin a takardarta.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin unguwar Floridsdorf da ke bakin Danub, na koma masauki na haɗa kaya.