Wannan karon da Gwaggo za mu je zaman marubuta

Jama'a barkanmu da damina. Kwana biyu na yi shiru, makaranta ce ta riƙe ni da jarrabawa da cike sakamakon yara, ga ruwan nan da yake ta sauka a Kano kamar da bakin ƙwarya, layinmu in an kwana ana yi sai dai mutum ya cire takalmi ya riƙe a hannu kafin ya kai bakin titi. To yanzu an yi hutu na ɗan samu kaina, kuma makonnin nan da ke tafe garin zai cika da taruka, ga Ranar Hausa, ga watan Maulidi da Takutaha, ga zaman marubuta da ba ya yankewa, ni kuwa akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai a kan tarukan nan, musamman na marubuta, yau dai sai na amayar da ita.

Ranar Hausa 26 ga Agusta ce, kowa ya sani. Abin da ya faro a 2015 a cikin waya, lokacin da ɗan jarida Abdulbaƙi Jari da abokansa suka kira mutane su yi rubutu da Hausa ranar, aka yi ta zuba karin magana da hotunan babbar riga da atamfa, yanzu ya fito fili, har a fadar Daura ana taruwa, Hausawan zango a Ghana da 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru kowa na yin nasa. A nan ma gidajen rediyo da ɗaliban sashen Hausa ba a barinsu a baya. Ina son ranar nan wallahi, roƙona kawai kada ta ƙare a lalle da ɗaukar hoto, in kun je taro ku nemi a karanta wani abu da baki yara su ji, ko da tatsuniya ɗaya ce.

Takutaha kuwa ranar 19 ga Rabi'ul Awwal take, mako guda bayan Maulidi, ranar sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda bai taɓa hawa Dala ranar ba bai ga Kano ba tukuna. Ina ƙarama Baffa ne yake kai mu, ya riƙe hannun yayyena biyu ni kuma ya ɗora ni a wuya saboda turereniya a matattakala, in mun kai sama ya nuna mana Goron Dutse a can gefe, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, ga rufin kwanon cikin gari ya shimfiɗu iya ganinka, ƙasa kuma 'yan Islamiyya da tutoci ana ta bege, masu rake da gullisuwa da awara sun jeru, kowane yaro da sabon ɗinki. Masu zuwa da yara dan Allah ku rubuta lambar waya a takarda ku sa musu a aljihu, duk shekara sai an yi cigiyar yara, kuma bayan ruwa dutsen yana da santsi, a hau a hankali.

To waɗannan ba sa bukatar a tallata su, jama'a da ƙafarsu suke zuwa. Wanda nake jin ciwonsa shi ne zaman marubuta.

Ƙungiyar marubuta ta ƙasa, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da reshe a Kano, kuma sun daɗe suna zaman karatu wata-wata, ni a ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello na fara sanin zaman. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ba wani abin tsoro ba ne, ba a tambayar digiri a ƙofa. Marubuci ne zai tashi ya karanta shafi biyu ko uku daga labarinsa ko waƙarsa, sai a buɗe fili, wannan ya yaba wancan ya ce a'a nan ka yi gaggawa, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce ɗana ba a haɗe “ya” da “ce”, raba su ake yi, akwai ranar da aka kusa rabin awa ana muhawara a kan karin magana guda ɗaya, wai shin budurwar ƙauye da ba ta taɓa fita gari ba za ta faɗe shi haka ko kuwa marubucin ne ya sa mata maganarsa a baki. Ni malamar makaranta ce amma ranar na koyi abin da ban koya a aji ba. Banda wannan akwai laccoci da ake yi a gidan Mambayya a Gwammaja, a zauren Sa'adu Zungur, da tarukan jami'ar Bayero, ga kuma bikin littattafan Hausa da Sada Malumfashi ya faro a Kaduna a 2021, wato dai abin yana motsi alhamdulillahi.

Amma ku zo ku ji labarin Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, ba ta yi boko tana yarinya ba, sai da ta yi aure ta haifi uku sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci, irin wanda hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta baza a unguwanni. Tana iya haɗa baƙi ta faɗa karatun littattafan Hausa, ba ta sake tsayawa ba. Ni ce 'yar aikenta, ta ƙulle min kuɗi a gefen mayafi in tafi shagon hayar littafi a bakin layi, in an ce na biyu bai fito ba in dawo in tarar ta yi tagumi kamar an yi mata rasuwa, in kuma wani zai shiga Sabon Gari sai ta ba da sautu a duba mata wajen masu littattafai na Bata. A akwatin ƙarfenta na aure take ɓoye su ƙarƙashin atamfofi, don a lokacin ana yi wa masu karanta su kallon marasa aikin yi, ana ce musu littattafan soyayya ko adabin kasuwar Kano da raini, har a 2007 sai da aka tara wasu aka ƙona a garin nan. Ita kuwa ta ce da su ta koyi rubuta wasiƙa, da su ta san yadda ake magana a gaban likita da alƙali. Yanzu ido ya yi rauni, sai ta kunna rediyo in ana karanta littafi, ko ta sa jikarta ta karanta mata waɗanda ake turowa a WhatsApp, tana tsinke zogale tana gyara wa yarinyar karatu.

Shekara fiye da talatin tana karatu, ba ta taɓa ganin marubuci ido da ido ba. Bara na ji wata daga cikin tsofaffin marubuta mata za ta zo wani zama, na je na same ta na ce Gwaggo shirya gobe zan kai ki ki ga Hajiyar da kike karantawa. Ta dube ni ta ce “ke 'yar nan rufa min asiri, ina ni ina shiga cikin 'yan boko, me zan ce musu?” Da ƙyar na shawo kanta. Washegari na zo na tarar tun azahar ta yi wanka ta sa leshinta na biki, ta naɗe wani tsohon littafi a leda, bangonsa duk an liƙe da salatif, takardun sun yi ja.

A can baya ta zauna, ta ƙi matsowa. Hajiyar ta yi karatu, ta ba da labarin yadda take rubutu da daddare a littafin makarantar yaranta bayan kowa ya yi barci, ta kai wa mai buga tafireta, ta sayar da ɗan kunnenta ta biya maɗaba'a. Da aka ce akwai mai tambaya, ban ankara ba sai ganin hannun Gwaggo na yi a sama. Ta miƙe, muryarta na rawa, ta ce “Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ni tambayata ɗaya ce, matar nan ta littafinki da aka saka tana da ciki, me ya sa kika mayar da ita gidan? Na yi shekara ashirin ina jin haushinki a kan wannan.” Ɗakin ya yi tsit. Hajiyar ta cire tabarau ta ce “Yaya, wallahi ni ma ban so ba, amma a lokacin ban san inda zan kai ta ba, gidan ubanta ba za su karɓe ta ba, ba ta da sana'a. Da yau nake rubutawa da na ba ta keken ɗinki.” Gwaggo ta ce “to ai ni keken na saya.” Sai da na ji hawaye ya zubo min, don ni na san keken, na san kuma shekarar da aka saye shi, ban dai taɓa sanin daga ina shawarar ta zo ba. Bayan an tashi Hajiyar da kanta ta tako har baya ta zauna kusa da ita, ta karɓi littafin nan ta juya shi ta ce ita kanta ba ta da ko kwafi ɗaya na bugun, suka yi ta hira har aka kira magariba.

Ranar na ƙirga mutanen ɗakin, ba mu wuce arba'in ba, mata ba mu kai goma ba, kuma in ka cire ni da Gwaggo kusan duk sauran marubuta ne. Marubuta na karanta wa marubuta. Alhali kowa ya san su wa suka riƙe kasuwar littafin Hausa, matan aure ne da 'yan mata, tun daga zamanin da Hafsat Abdulwaheed ta fito a 1980, zuwa su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, zuwa yau da ake biyan kuɗi ta waya a shiga guruf ana jiran shafin gobe, ga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta mata zalla, duk shekara labarai na ta kwarara. Masu karatun suna nan a Yakasai da Kurna da Ɗorayi da Rijiyar Lemo, labarin taron ne ba ya isa gare su, in ma ya isa an sa shi a lokacin da tukunyar tuwo take kan wuta.

Kuma akwai wani hali da yake korar mutane. Na taɓa zuwa ƙaddamar da wani littafi, kati ya ce ƙarfe goma, babban baƙo bai iso ba sai kusan ɗaya, aka yi ta gabatar da manya ɗaya bayan ɗaya kowa da jerin sarautunsa, mai gabatarwa na ta kirari, aka shiga sanar da wane ya sayi kwafi a kan kaza, marubuciyar da muka zo dominta aka ba ta minti biyar a ƙarshe lokacin rabin ɗaki ya watse neman sallah, ko layi ɗaya ba a karanta daga littafin ba. Wata mata kusa da ni da goyonta ta ce min ita daga Gezawa ta taso, kuɗin motar ma aro ta yi. Na san marubuci na bukatar kuɗin nan, takarda ta yi tsada, ba na ƙin a gayyaci masu hali, amma a raba mana, a yi na manya daban, a ware wa masu karatu nasu zaman da za a zauna a karanta a yi tambaya.

Masu shirya taruka dan girman Allah ku duba. Sanarwa a fosta da Turanci a Facebook ba za ta kai wa irin su Gwaggo ba, ku kai ta rediyo da Hausa, ku ba malaman Islamiyyar matan aure su faɗa a aji, ku tura a guruf ɗin da ake karanta littattafan. Ku gwada safiyar Asabar ko Lahadi, daga goma zuwa azahar, a shimfiɗa tabarma a gefe saboda masu yara. Kuma ba dole sai a babban zaure ba, ga Gidan Makama nan a gaban fada, ginin da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, ga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa inda Hanns Vischer ya zauna, wurare ne da mace za ta ce wa maigida za ta kai yara su ga kayan tarihi ya ce a dawo lafiya, a yi jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Mazan ma ina roƙonku, in ta ce za ta je ku ba ta kuɗin adaidaita, ko ma ku raka ta, ba za ku yi nadama ba.

Jiya da daddare Gwaggo ta kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce “'yar nan yaushe ne zaman naku na wannan watan?” Na ce zan tambayo mata. Ta ce to in sani ba ita kaɗai ba ce, ta gaya wa maƙociyarta da wasu mata biyu da suke ajin hadda tare, kowa da littafin da za ta zo da shi, ɗaya ma wai ta rubuta tambayoyinta a bayan katin asibiti don kada ta manta. Mu biyar ke nan har da ni, adaidaita ɗaya ba za ta ɗauke mu ba, na riga na yi wa mai kai ni makaranta magana ya nemo ɗan uwansa su zo su biyu.